Fam 20 Da Fam 30: Tarken Jigon Zubar Da Ciki A Littafin Achebe Da Wasu Ayyuka Biyu

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana karanta gajerun labarai da wasannin kwaikwayo irin waɗanda ɗalibai kan rubuta, ya san wata yarinya da ba ta ɓacewa a cikinsu. Sunanta kan sake, garinsu ma kan sake, amma tafarkinta guda ne. 'Yar gidan tarbiyya ce, ta zo makaranta, ta haɗu da ƙawayen banza, wani mai mota ya hure mata kunne, ciki ya shiga, shi kuma ya ce bai san zancen ba. Daga nan sai marubuci ya ɗaga ƙafa kamar wanda hadari ya taso masa: cikin layi huɗu ko biyar an kai ta bayan wani kemis, jini ya ɓalle, an kwashe ta sai asibiti, ta roƙi iyayenta gafara, rai ya yi halinsa. Sai a rufe da cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ba mu ce babu irin wannan yarinya ba. Akwai ta, kuma da yawa. Wani bincike da cibiyar Guttmacher ta gudanar tare da masana na cikin gida ya ƙiyasta cewa a shekarar 2012 an zubar da ciki kimanin miliyan 1.25 a Nijeriya, wato 33 cikin kowane mata 1,000 masu shekara 15 zuwa 49. A wannan shekarar mata kusan 212,000 ne aka yi wa magani a asibitoci saboda lahanin da abin ya jawo musu, wasu kimanin 285,000 kuma sun sami mummunan lahani ba su sami magani ba. Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da dokarta ta haramta abin sai don ceton ran uwa. A Arewa sashe na 232 na Final Kod ya tanadi ɗauri har na shekara 14. A Kudu kuwa, Kiriminal Kod ya raba laifin uku a sashe na 228 zuwa 230: shekara 14 ga wanda ya yi aikin, 7 ga matar, 3 ga wanda ya kawo magani ko kayan aiki.

Manufar wannan ɗan tarke ba ba da fatawa ba ce, domin wannan fagen malamai ne, kuma an san matsayin mazhabar Malikiyya mai tsauri ne a kan mas'alar. Tambayarmu ta adabi ce: idan aka rufe ƙofar ɗakin da za a yi wannan aiki, ina marubuci yake tsayawa, kuma da idon wa yake nuna mana abin da ya faru? Za mu fi daɗewa a kan littafin Chinua Achebe, No Longer at Ease, saboda a ƙasarmu aka gina shi, ƙarƙashin dokar da har yanzu jijiyarta ba ta mutu ba. Sannan mu auna shi da littafin wata Bafaranshiya, Annie Ernaux, da kuma wani fim na ƙasar Romaniya.

Obi a bakin ƙofa

An buga No Longer at Ease a 1960, shekarar samun mulkin kai. Tauraronsa Obi Okonkwo jikan Okonkwo ne na littafin Things Fall Apart. Ƙungiyar mutanen garinsu, Umuofia, ta tara masa rancen fam 800 ya tafi Ingila don ya karanto shari'a, shi kuma ya karanto Turanci, ya dawo Legas ya kama aiki a hukumar ba da guraben karatu. Budurwarsa Clara ma'aikaciyar jinya ce wadda ita ma ta yi karatu a Ingila, sai dai ita osu ce, wato ta fito daga zuriyar da al'adar Ibo ta keɓe wa abin bauta, ba a auratayya da su. Mahaifin Obi, duk da cewa malamin coci ne, ya ƙi auren. Mahaifiyarsa, tana kwance cikin jinya, ta ce ya jira bayan ranta, in kuwa ya yi tana raye za ta kashe kanta. Obi ya dawo Legas jiki a sanyaye, Clara ta fahimci inda aka dosa, ta cire zoben alkawari ta mayar masa. A lokacin ne ya san tana da ciki.

Manazarta sun fi mayar da hankali ga jigon cin hanci, kuma suna da hujja, domin da shari'ar Obi aka buɗe littafin, da kama shi aka rufe. Amma mai karatu ya lura da kuɗi biyu da ke cikin labarin. Fam 20 ne aka kama Obi ya karɓa, kuma a kansu ne alƙali ya zauna, kotu ta cika maƙil, Turawa suka tattauna a kulob, mutanen Umuofia suka kira taron gaggawa. Fam 30 kuwa shi ne abin da likita ya karɓa don zubar da cikin Clara. A kan waɗannan babu wanda ya zauna. Laifin da dokar wancan zamani ta ɗora wa shekara 14 ya wuce shiru, laifin fam 20 kuma ya girgiza gari. A ganinmu wannan yana daga cikin gugar zana mafi kaifi a littafin, ko da yake Achebe bai ɗaga murya a kansa ba.

To, ina dokar take a cikin labarin, tun da ba ɗan sanda ba alƙali? Tana nan, amma ta sake kama. Likitan farko da suka je wurinsa ya ƙi, yana tsoron ɗauri da rasa lasisinsa. Na biyu, matashi mai kaifin ciniki, ya nuna shi ma ba son aikin yake yi ba, amma zai yi, in an biya shi kuɗi hannu, ban da cek. Ke nan dokar ta zama farashi. Ta kuma zama bashi, domin Obi ba shi da kuɗin, sai da ya ranto wurin wani minista abokinsu, Sam Okoli, a kan tulin bashin da ya riga ya yi masa katutu, har da fam 50 na Clara ɗin kanta, waɗanda ɓarayi suka sace a motarsa. Daga ƙarshe ta zama ɓoyo: ba a ɗakin duba marasa lafiya aka yi aikin ba, likita ya ƙirga kuɗinsa, ya sa Clara a motarsa, ya tafi da ita inda Obi bai sani ba. Wanda duk ya san yadda ake wannan harka a garuruwanmu a yau zai ga cewa Achebe ya gano ƙashin bayanta tun shekarun 1950. Haramcin bai toshe hanyar ba, ya dai mayar da ita lungu, kuma mai kuɗi ne ke samun likita na gaske a lungun. Clara, da duk wahalar da ta sha, a sahun masu gata take. Wadda ba ta da mai ranto mata fam 30, sai ta koma ga mai jiƙe-jiƙe.

A nan ne muka zo wurin da muke da magana da marubucin. Da motar likita ta tashi, sai Achebe ya bar mu tare da Obi. Muka ga nadama ta kama shi, muka ga yana son ya yi ihu ya ce a tsaya a ɗaura aure, muka bi shi yana zagaya titunan Legas a ruɗe yana neman motar da ta riga ta ɓace. Muka dawo tare da shi da ƙarfe biyar ba likita, muka kwana tare da shi cikin zullumi, da safe muka ga ya tsallake layin marasa lafiya har wani ya zazzage shi da Turancin buroka. An ce masa an sami 'yar matsala, tana wani asibitin kuɗi. Wannan 'yar matsala ita ce ta kwantar da Clara mako biyar. Da ya shiga wurinta ta juya fuska ga bango. Ya aika da wasiƙa, ta mayar ba ta buɗe ba. Da aka sallame ta aka ba ta hutun kwana 70, ta bar Legas, ta bar littafin.

Wato duk tsawon sa'o'in da ran Clara ke hannun Allah, fargabar Obi muke ji. Ba mu san abin da ta gani ba, ba mu san abin da ta raya a zuciyarta a cikin motar nan ba. Abin ya fi ciwo idan muka tuna sana'arta. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san abin da jini kan yi in ya ɓalle, ta san warin ciwon da ya ruɓe, mai yiwuwa ma ta taɓa jinyar wasu da aka kawo a irin wannan hali. Babu wani a littafin da ya fi ta sanin haɗarin da take shiga, amma ita ce aka hana mu jin ta bakinta. Sau ɗaya muka ji muryarta sosai a wannan fage, lokacin da likita ya tambayi Obi dalilin da ya hana shi aurenta, ita ce ta amsa cewa ba ta son aurensa. Wannan amsa kaɗai ta isa ta nuna mana mace mai zuciya, wadda ta gwammace wuƙar likita da a aure ta don tausayi. Marubucin da ya iya ƙirƙiro irin wannan mace, ya kuma bar ta ta shige mota ta tafi ba tare da mu ba, lalle ya bar dukiya a ƙasa.

Za a iya kare Achebe, kuma kariyar ba ta banza ba ce. Zaren labarin gaba ɗaya a jikin Obi aka ɗaura shi, kusan duk abin da muka gani ta kafaɗarsa muka leƙa. Saboda haka jahilcinmu game da halin Clara jahilcin Obi ne, kuma shi ne tuhumar da ake yi masa: mutum ne mai dogon Turanci a kan gyaran ƙasa, amma da aka zo wurin tsayawa sai ya tsaya a bakin titi. Juya fuskar da Clara ta yi ga bango, da wasiƙar da ta mayar, hukunci ne da ya fi na alƙali nauyi. Bugu da ƙari, abin da ya biyo baya ya ƙara tona asirinsa. Bayan tafiyar Clara da rasuwar mahaifiyarsa, sai ya ji wani irin sakayau, ya fara karɓar kuɗi, har da kwana da 'yan mata masu neman gurbin karatu, abin da ya ƙi yi a farkon littafin. Mutumin da ya ga abin da ya sami Clara jiya, yau ga shi yana shimfiɗa wa wasu irin wannan tabarma.

Mun yarda da wannan kariya rabi. Inda muka tsaya shi ne, ko a cikinta ma Clara ta zama ma'auni ne kawai da ake auna lalacewar Obi. Cikinta matsala ce a jerin matsalolinsa, tana layi ɗaya da kuɗin inshorar mota da harajin da ya taru masa. An zubar da shi don labarin Obi ya ci gaba. Ba laifi mu ambata cewa Achebe da kansa ya sake taku daga baya, domin a littafinsa na 1987, Anthills of the Savannah, ya ba mace, Beatrice, bakin magana da kanta, har ita ce ta raɗa wa jaririya suna a ƙarshe. Amma wannan ya zo bayan shekara 27, Clara kuwa ba ta amfana ba.

Wadda ta shiga ɗakin da kanta

Annie Ernaux, wadda ta sami lambar Nobel ta adabi a 2022, ta fitar da ɗan littafinta L'Événement a shekarar 2000. Ma'anar sunan ita ce abin da ya auku. Ba ƙagaggen labari ba ne, tarihin abin da ya same ta ne tana da shekara 23, tana ɗalibar adabi a jami'ar garin Rouen, daga Oktoban 1963 zuwa Janairun 1964. A lokacin dokar Faransa ta 1920 tana aiki, kuma shekara 20 kacal ke nan da aka fille kan wata mata, Marie-Louise Giraud, a 1943 saboda zubar wa mata ciki. Sai a 1975 dokar da ake kira da sunan Simone Veil ta halatta abin.

Idan Achebe ya ba wa lamarin 'yan shafuka, Ernaux littafi sukutum ta ba shi, kuma abin mamaki shi ne mafi yawansa ba a kan aikin kansa yake ba, a kan jira ne. Wannan shi ne babban abin da marubutanmu ba su lura da shi ba. Mace mai irin wannan ciki da kwanaki take faɗa. Kowane mako da ya wuce haɗari ƙaruwa yake yi, ita kuwa ba ta da wanda za ta tambaya kai tsaye. Ernaux ta nuna mana yadda take yawo a unguwanni tana duba allunan likitoci, yadda likita ya gane abin da take so ya kau da kai, yadda wani ya rubuta mata allurar da daga baya ta gano ta riƙe ciki ce. Ta gaya wa wani ɗalibi sirrinta tana neman taimako, shi kuma ya ga dama ta samu ya nemi ya taɓa ta. Saurayin da ya yi cikin yana can Bordeaux yana karatunsa, ya bar mata abin ta san yadda za ta yi. Rubutun digirinta ya tsaya cik. Iyayenta masu ɗan kanti da gidan shayi ne a wani ƙaramin gari, ita ce ta farko a gidan da ta shiga jami'a, sai take ganin cikin nan kamar talauci ne ya biyo ta ya riƙo ƙafarta. Ɗalibar da aka sayar da akuya aka biya mata kuɗin rajista ba ta bukatar a fassara mata wannan tsoro.

Daga ƙarshe wata da ta taɓa shiga irin halin ta ba ta adireshin wata mata mai aikin taimakon jinya a Faris, ta kuma ranta mata faran 400. Ga bashi ya sake fitowa, kamar yadda ya fito a Legas. Sau biyu matar ta yi mata aikin. Cikin ya fita ne da dare a ɗakin kwanan ɗalibai, ba kowa sai wata maƙwabciyarta ɗaliba da ba ta san komai ba game da karɓar haihuwa. Jini ya ƙi tsayawa, aka kai ta asibiti, matashin likitan da ya karɓe ta ya daka mata tsawa ya wulaƙanta ta. Da ya ji cewa 'yar jami'a ce sai kunya ta kama shi, ma'ana da 'yar masana'anta ce da ba ta kama shi ba.

Salon Ernaux busasshe ne, babu ado, babu neman tausayi. Mutanen labarin ma da harufan farko na sunayensu take kiran su. Tana yawan katse labari ta koma ga kundin da take rubutawa a 1963, ta auna abin da take tunawa da abin da ta rubuta a lokacin, kamar mai ba da shaida da ke tsoron ƙari. Ba ta ɓoye abin da ya fita daga jikinta ba, ba ta kuma kira shi gudan jini don ta sauƙaƙa wa kanta ba. Mai karatu Bahaushe zai sami wuraren da za su yi masa nauyi, kuma zai iya rabuwa da marubuciyar a kan hukuncin da ta yanke wa abin da ta aikata, domin ba ta ɗauke shi zunubi ba. Mu ma ba mu bi ta can ba. Sai dai ko wanda ya fi kowa ƙin ra'ayinta ba zai rufe littafin yana cewa bai san abin da ake nufi da zubar da ciki a ɓoye ba. Wanda ya karanta Achebe kuwa zai iya.

Ƙawa

Aiki na uku fim ne, na Cristian Mungiu, wanda ya ci babbar lambar bikin finafinai na Cannes a 2007. Sunansa da Hausa shi ne Wata 4, Mako 3 da Kwana 2. An gina shi a Romaniya ta 1987, ƙarƙashin doka mai lamba 770 da gwamnatin Nicolae Ceausescu ta kafa a 1966 don ƙara yawan jama'a. Haihuwa ta kusa ninkawa a shekarar da ta biyo baya, amma kafin a soke dokar a Disambar 1989 an ƙiyasta mata kusan 10,000 sun mutu ta hanyar zubar da ciki a ɓoye.

Mungiu bai tsaya wurin saurayi ba, bai kuma tsaya wurin mai cikin ba. Ya zaɓi ƙawarta, Otilia, wadda suke ɗaki ɗaya a makaranta. Ita ce ta haɗa kuɗi, ta yi fama da ma'aikatan otal, ta je ta ɗauko mutumin da zai yi aikin. Mai cikin, Gabita, ba a wanke ta ba: matsoraciya ce, mai ƙarya, ta rage watannin cikin don kada a ƙi ta. Da mutumin ya gano, sai ya ce kuɗi ba su isa ba, sai su biyu sun ba shi kansu, kuma haka aka yi. Fagen da ya fi tsaya mana a rai ba a otal ɗin yake ba. Otilia ta bar ƙawarta kwance ta tafi walimar mahaifiyar saurayinta, aka zaunar da ita a tsakiyar manya suna ci suna hirar abinci da muƙamai, kyamara ta kafe a kanta na tsawon mintuna ba motsi, ita kuwa hankalinta yana can. Ba a nuna jini ba a wannan fage, amma babu inda tsoro ya fi yawa. A ƙarshen fim ɗin su biyun suka zauna a gidan abinci suka yi alkawarin ba za su ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ya rage mana

Mun kawo wannan fage na walima da gangan, saboda mun san amsar da za a ba mu. Za a ce Bahaushe yana da kunya, ba zai rubuta abin da Ernaux ta rubuta ba, kuma littafin da ya yi haka ba zai shiga gidan mutunci ba. Gaskiya ne, kuma ba mu nemi kowa ya yar da kunyarsa ba. Amma kunya daban, gudu daban. Harshen da ya iya cewa mace ta yi nauyi, ko ta sauka, ko ta yi ɓatan wata, kowa ya gane ba tare da an yi batsa ba, ba za a ce ya rasa hanyar faɗin wahala cikin sakaya ba. Yarinyar da ke zaune a tsakar gida tana tankaɗe, uwarta tana yi mata zancen kayan ɗaki, ita kuwa tana ƙirga kwanaki a zuci, wannan fage ne da ba shi da kalmar kunya ko ɗaya, kuma ba mu cika ganin an rubuta shi ba. Abin da muke gani shi ne tsalle daga daren yaudara zuwa gadon mutuwa, an bar wata biyu ko uku a tsakani babu kowa a ciki, alhali a cikinsu ne mutuncin tauraruwar da hankalinta da imaninta suke fafatawa.

Mutuwar gaggawa da ake yi wa wannan yarinya tana da wani amfani ga marubuci wanda ya kamata mu faɗa: tana sallamar kowa. Da zarar ta cika, ba sauran tambaya ga mai kemis, ko ga ma'aikaciyar asibitin da ta bar ta a benci tana zagi kafin ta duba ta, ko ga uban da tsoronsa ya hana ta faɗa tun da wuri. Mai motar kuwa tun a shafi na uku ya fice. A nan labaranmu sun kwaikwayi rayuwa ba tare da sun tuhume ta ba. Mai karatu zai tuna shari'ar Safiya Husaini a Jihar Sakkwato da ta Amina Lawal a Jihar Katsina, waɗanda aka yanke wa hukuncin jefewa a 2001 da 2002, kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a suka sallame su a 2002 da 2003. A duka biyun ciki ne ya zama shaida a kan matan, mazan da aka ambata kuwa suka musa aka sake su don rashin shaidu. Jikin mace yana riƙe da hujja, na namiji ba ya riƙewa. Idan adabi ma ya bar namijin ya sulale, to bai ƙara mana komai a kan abin da muka riga muka sani ba. Ta wannan fuska Achebe ya fi marubutanmu, domin shi aƙalla ya riƙe Obi a gabanmu har muka ga tsiraicin halinsa.

Akwai kuma wata ƙarya ƙarama da tsarin nan yake yi wa gaskiya. Kullum budurwa ce, kullum 'yar makaranta. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗakin haihuwa ya san cewa cikin da ba a shirya masa ba yana zuwa wa matar aure mai goyon wata biyar, da bazawarar da ke tsoron surutun unguwa, da yarinyar da aka yi wa fin ƙarfi a gidan da take aikatau. Waɗannan ba su dace da wa'azin ƙawayen banza ba, shi ya sa alƙalami ke kauce musu. Alƙaluman da muka kawo a farko ma sun nuna cewa mafi yawan matan ba mutuwa suke yi ba. Suna tashi, wasu da lafiya, wasu da ciwon mara da ba ya warkewa, wasu ba za su ƙara haihuwa ba, su koma aji ko kasuwa ko ɗakin miji, su zauna da abin shekara 40 ba su gaya wa kowa ba. Ernaux sai da ta kai kusan shekara 60 kafin ta zauna ta rubuta nata filla-filla.

Clara tana cikin waɗannan da suka tashi. Ta fito daga asibiti bayan mako biyar, ba ciki, ba zobe, ga tambarin osu yana nan yadda yake, ga takardar hutun kwana 70 a hannunta. Dole ta shiga wata mota, ta sauka a wani gari, wani ya tarye ta ya tambaye ta dalilin ramarta, ta ba shi wata amsa. A ranar da alƙali yake mamakin yadda saurayi mai ilmi kamar Obi ya karɓi fam 20, tana wani wuri, wataƙila ta koma bakin aiki, tana karɓar wata yarinya da aka kawo cikin dare jini ya jiƙa mata zane.